Bashin Ruwa: Kwana Tara a Zongon Lome

Yau shekara guda ke nan da wata biyu tun da na baro birnin Lome na ƙasar Togo, kuma abokai sun sha tambayata abin da ya hana ni rubuta labarin wannan tafiya tun ƙurar hanya ba ta bar rigata ba, alhali sun san ni da gaggawar ɗaukar alƙalami ko da Wudil na je cin kasuwa na dawo. Dalilin jinkirin wani sharaɗi ne da wani dattijo ya gindaya mini ranar da muka yi sallama, wanda na karɓa da dariya a lokacin, daga bisani na ga ya cancanci a cika shi. Amma ba zan faɗi sharaɗin ba sai na kai mai karatu wurin da aka ƙulla shi, domin magana ma, kamar fatauci, zango-zango ake bin ta.

Daga Kano na gangara Ikko, na ƙetare iyaka a Seme na shiga Jamhuriyar Benin, wadda iyayenmu suka sani da Dahomi, na ratsa Kwatano da Wida, teku na hannuna na hagu tana tumbatsa tana ja da baya, itatuwan kwakwa sun yi sahu a kan yashi kamar masu jiran liman, har muka shiga Togo ta garin Aneho, wanda ya taɓa zama mazaunin mulkin Jamusawa kafin su mai da shi Lome a 1897. Faɗin ƙasar a bakin teku bai wuce kilomita 50 da 'yan kai ba, babban birninta kuwa ya jingina da iyakar Gana, har mutum yana iya shan koko a Lome ya taka da ƙafa ya yi sallar walaha a Aflawo.

Da na ce wa mai babur, wanda a can suke kira zemijan, ya kai ni Zongo, na zaci kusa da babbar kasuwar Asigame zai sauke ni, sai na ga ya juya wa teku baya ya miƙi hanyar arewa, muna ta tafiya har na fara tuhumar ko bai ji ni ba. Ashe tsohon Zongo, wanda ke tsakiyar gari, hukuma ta rushe shi tun 1977, aka kwashe mutanensa zuwa wani fili mai nisan wajen kilomita 15 daga birni, kusa da Togblekope da kogin Ziyo, kuma inda gidajensu suke a da, yau dogayen benayen bankuna ne. Kakannin waɗannan mutane sun riski Lome tun a shekarun 1880, tana ƙaramar tashar ciniki, sun biyo hanyar goro ne wadda ta taso daga Kano ta bi ta Jugu da Sansanin Mango ta dire a Salaga ta ƙasar Gwanja. Da yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga a 1892, sai fatake suka bazu, wasu suka zauna Kete-Karachi tare da babban malamin nan haifaffen Kano, Alhaji Umaru, wasu suka ƙara gangarowa bakin teku. Sunan unguwar kansa shaida ne a kan asalinta, gama zangon da madugu ke sauke ayari a kwana, shi ne harshen mutanen kurmi ya mayar Zongo, masaukin dare ɗaya ya zama mahaifar jikoki.

Mai masaukina wani Alhaji ne dillalin shanu, wanda gidansa bai rabuwa da baƙi, Hausawa da Zabarmawa da Fulani da Kotokoli, kowa da tabarmarsa da butarsa, ana ciniki da Hausa ana ƙirga kuɗi da jaka da dala, ana tsarma Faransanci kamar gishiri a miya. A rana ta biyu, muna alwalar La'asar a ƙofar masallacin unguwa, na tsuguna kusa da wani tsoho mai kimanin shekara 80, siriri, mai farin gemu, yana wanke ƙafafunsa a natse yana tsettsefe yatsu. Da ya janye wandonsa sama sai na ga tabo uku, biyu a idon sahun hagu, ɗaya a ƙaurin dama, kowanne zagayayye, ya lotsa ciki, fatar wurin tana sheƙi kamar tsohon kwabo da hannu ya goge. Bayan an idar da salla na matsa na gaishe shi, na ce, "Baba, a gafarce ni in na yi karambani, wannan tabo na mene ne?"

Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, "Malam, daga Kano ka zo, ka ce ba ka san hatimin kurkunu ba? Wannan shi ne fasfon mutanen da. Duk wanda ka gani da shi, ba sai ka tambaye shi ko ya yi tafiya ba."

Na san sunan, na kuma taɓa ganin masu ɗingishi da shi ina yaro a ƙauyen kakannina, amma ban taɓa zama na ji labarinsa daga bakin mai shi ba, saboda haka na bi tsohon zuwa zaurensa, aka kawo mana shayi, ya buɗe mini kundin ƙuruciyarsa. Ya ce a shekarun da suka biyo bayan samun mulkin kan Togo a 1960, yana saurayi, sana'arsa koren shanu ce daga Mango zuwa Lome, tafiyar fiye da kilomita 500 a ƙasa, ta Sokode da Atakpame da Notse, kuma a wannan hanya babu zaɓi tsakanin ruwa da ruwa: inda saniya ta sa baki nan makiyayi ke sa nasa, ya kore gansakuka da bayan hannu, ya cika ƙoƙo, ya yi bismilla. Suka iso lafiya, aka sayar da shanu, aka biya shi ladansa, ya ɗinka riga, har ya fara neman aure. Sai da shekara ta zagayo, yana zaune lafiya lau a zauren maigidansa a tsohon Zongo, zazzaɓi ya rufe shi da ƙaiƙayi da tashin zuciya, kafin kwana biyu wani bororo ya taso masa a idon sahu yana ƙuna kamar an ɗora garwashi, da ya fashe kuwa sai ga kan wani abu fari ya leƙo, kamar bakin zaren abawa.

Aka kira wanzami, ya kama kan abin ya naɗe shi a jikin tsinke, ya ɗaure tsinken a ƙafa da tsumma, ya yi masa wasiyya da haƙuri. Kullum da safe a zuba wa gyambon ruwa, a shafa man kaɗanya, a murza tsinken a hankali har a sami tsawon gaɓar yatsa ko biyu, da an ji ya yi tauri a tsaya sai gobe. "To, ɗana," in ji tsohon, "ka san saurayi da garaje. Ran kwana na goma na ce wannan abu ba zai mai da ni mace mai jego ba, na ja shi da ƙarfi, ya tsinke ya koma ciki. Kafin gari ya waye ƙafata ta zama turmi." Daga nan sai sakiya, watau wanzami ya sa ƙarfe a wuta ya yi jajir ya huda kumburin, maza huɗu suna danne da shi. Kafin wannan ya warke na biyu ya fito, na uku ya biyo baya, ya share wata uku a kan tabarma, ayari ya tafi ya bar shi, kuɗin auren ya ƙare a jinya, yarinyar kuma aka ba wani.

Na tambaye shi abin da suka ɗauka shi ne sababin ciwon a wancan zamani. Ya ce yawancinsu jijiya suka ɗauke shi, wadda ke cikin jikin kowa, in jininta ya ɓaci ta nemi hanyar fita, wasu kuma suka ce sammu ne aka binne masa a hanya ya taka. Sa'an nan ya faɗi maganar da ta zauna mini a zuciya har yau, ya ce, "Malam, in ka ci abinci da rana cikinka ya murɗa da dare, ka san wanda za ka tuhuma. Amma wa zai tuhumi ruwan da ya sha bara, a wani tafkin da ko sunansa bai sani ba?"

A nan ne asirin wannan cuta yake, kuma ya kamata a warware shi filla-filla. A cikin ruwan da ke kwance, na tafki ko kududdufi ko rijiyar da ake taka ƙafa a shiga, akwai wani ɗan ƙwaro da bai kai ƙwayar gero ba, wanda za mu iya kira ƙumar ruwa, shi ne ke haɗiye 'ya'yan kurkunu su yi kamar mako biyu a cikinsa suna ƙosawa. Idan mutum ya sha ruwan, ƙumar takan narke a tumbinsa, 'ya'yan su kuɓuta su huda hanji su shige cikin jiki, su girma su yi barbara, namijin ya mutu, macen ta ci gaba da tsawo a ɓoye, ba zafi ba alama, har ta kai kusan mita guda, tana gangarawa ƙarƙashin fata zuwa ƙafa, cikin wata 10 zuwa 14. Sa'ad da cikinta ya cika da dubban ɗaruruwan 'ya'ya sai ta tayar da bororon nan mai ƙuna, kuma hikimar ƙunar, tsarki ya tabbata ga Mai halitta, ita ce babu abin da majinyaci zai so a lokacin kamar ya tsoma ƙafarsa cikin ruwan sanyi. Da ya tsoma, sai ta amayar da 'ya'yanta kamar farin madara, ƙuma ta haɗiye, maƙwabci ya zo ya ɗiba ya sha. Ashe bashi ne ruwa ke bayarwa wanda ba a biya sai baɗi, wanda ya biya kuma shi ne ke buɗe wa na bayansa sabon littafi. Har yau ba a sami ƙwayar magani ko allurar rigakafinsa ba, wanda ya yi shi bana bai tsira daga na baɗi ba, kuma ko da yake bai cika kisa da kansa ba, gyambonsa ƙofa ce ga ruɓa da ciwon sarƙewar haƙora da sandarewar gaɓa.

Wannan bayani shi ya fassara mini wani abu da tsohon ya lura da shi bai san dalilinsa ba, cewa a tsohon Zongo masu zuwa daga hanya ne ke kwanciya da kurkunu, matan gida da yaran da ba su taɓa fita ba kuwa ba ya kama su. Ruwansu na rijiya ne mai baki da ake ja da guga, ƙafa ba ta shiga, saboda haka kurkunu ya zama baƙo a Zongo kamar sauran baƙi, yakan sauka a yi masa hidima, amma ba ya barin zuriya.

Kada kuwa mai karatu ya ɗauka kuskuren mutanen Zongo na kiran tsutsa jijiya jahilci ne da suka keɓanta da shi, domin manyan hukama'u sun riga su faɗawa wannan shubuha. Likitocin Musulunci na farko, irin su Abubakar Arrazi da Ibnu Sina mai littafin Alƙanun, wanda ya rasu a 1037, sun siffanta ciwon da yadda ake naɗe shi, sunan da ya shahara da shi a littattafansu kuwa shi ne irƙul Madini, watau jijiyar Madina, kuma daga nan ne sunan Madina ya shiga cikin laƙabin da masana na Turai suka yi wa tsutsar, sunan Gini kuma ya manne mata a bakin Turawa saboda a gaɓar tekun nan tamu Turawan jirgi suka yawaita ganin ta. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Buhara, garin Imamul Buhari, wadda a kusa da ita aka haifi Ibnu Sina, ta yi ƙarnoni tana fama da wannan cuta saboda tafkunan da ke tsakiyarta. A can yankin ne wani masani Barashe mai suna Fedcenko ya gano, wajen 1870, cewa ƙumar ruwa ce masaukin tsutsar, kuma da aka ƙafar da yawancin tafkunan aka kawo ruwan famfo, cutar ta ɓace daga garin a farkon shekarun 1930. Tsakanin siffanta ciwon da gane sababinsa an share fiye da shekara 800, ba don ƙarancin basira ba, sai don shekarar nan guda da ke shiga tsakanin sha da fitowa.

Da dare, bayan Magariba, na kai mas'alar gaban limamin masallacin, malami mai sanyin murya wanda ke karantar da Ahalari da Risala ga magidanta. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, mun karanta cewa ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa ba su jirkita ba mai tsarki ne mai tsarkakewa. To, ga ruwan tafki garau, siffofinsa uku lafiya, amma kurkunu na ciki. Ina hukuncinsa?" Ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce babin ɗahara daban, babin abin da ke shiga ciki daban, ruwan ya halatta a yi alwala da shi, amma kiyaye rai yana cikin larurorin nan biyar da shari'a ta zo domin tsare su, saboda haka da zarar cutarwa ta tabbata ta hanyar masu ilminta, shan sa ba tacewa sakaci ne, ba tawakkali ba. Ya ƙara da cewa mai gyambon da ya tsoma ƙafarsa a ruwan da jama'a ke sha, bayan ya sani, ya ci haƙƙin maƙwabtan da bai ma san adadinsu ba, ya kuwa tunatar da mu hanin da ya tabbata daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da ɓata ruwan da ba ya gudu, da yadda Sayyidina Usmanu ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya yi waƙafinta ga Musulmi. Ya ce mai neman sadaka mai gudana a wannan ƙasa, ya fara duba abin da mutane ke sha kafin ya ƙara wa masallaci hasumiya.

A rana ta shida ɗan mai masaukina, wanda ke jin Ewe da Faransanci, zai tafi sayen masara wajen Notse, na roƙi ya tafi da ni, domin an gaya mini yankin Haho da na Ogu suna cikin wuraren da kurkunu ya fi daɗewa a Togo. Muka bi babbar hanyar arewa ta Tsebiye, tafiyar kusan kilomita 100, mata sun jera abarba a bakin titi kamar dala, daga nan muka saki kwalta muka bi jar hanya zuwa wani ƙauye, aka sada ni da wani manomi mai kimanin shekara 60, wanda ya yi shekaru yana aikin sa kai na yaƙi da cutar. Ya ce a wurinsu da rani take tashi, sa'ad da rafuka suka yanke suka zama kududdufai, saɓanin ƙasar Hausa inda take kama manomi da damina, daidai lokacin da gona ke neman ƙafarsa. Ba banza ba Dogon na Mali suke kiranta ciwon rumbu wofi.

Ya shiga ɗaki ya fito da wata tsohuwar jaka, ya zazzage mana kayan yaƙinsa a kan tabarma: ƙyallen tacewa na nailan mai zare a baki wanda ake ɗaura wa randa, da guntun bututu mai rariya a gindi wanda manomi ke ratayawa a wuya ya zuƙi ruwa da shi a daji, da hoton ƙafa mai tsutsa, da littafin rajista wanda gefensa ya cinye. Aikinsa shi ne ya zaga gida-gida, duk wanda bororo ya fito masa a wanke a ɗaure kafin kwana guda ya cika, a hana shi zuwa tafki, a sami mai ɗebo masa ruwa, a kai rahoto, ma'aikata su zo su zuba wa tafkin maganin Abate mai kashe ƙuma. Ya ce da fari dattawa sun ƙi, suka ce ciwon a jini yake tun kakanni, mata kuma suka ce tacewa ɓata lokaci ce, kuma duk wa'azinsa bai yi tasirin da kwalba guda ta yi ba. Sai ya ja mu zuwa bakin tafkin, ya tsaya a kan wani gungume da aka girka domin masu ɗiba kada su taka ruwa, ya cika farar kwalba ya ɗaga ta saitin rana. Na ƙura ido, da fari ban ga kome ba, can sai na hangi wasu fararen ɗigo-ɗigo suna zillo, su tsaya su sake zabura. Ya ce, ta bakin tafinta, ƙumar tana nan kamar yadda take tun fil azal, abin da ya sauya shi ne cikinta wofi ne, domin an yi shekaru babu ƙafar da ta ciyar da ita.

Na buɗe littafin rajistar ina juyawa. Shafukan farko cike suke da sunaye, na tsakiya jefi-jefi, na ƙarshe kuwa wata bayan wata babu abin da aka rubuta sai sifiri, da hannu ɗaya, da kulawa ɗaya, kamar mai rubuta allo. Na karanta littattafai da dama a rayuwata, amma kaɗan ne suka fi waɗannan shafuka na sifiri fasaha, gama kowane ɗaya daga cikinsu shaida ce cewa mutumin nan ya zaga ƙauyensa kaf ya duba, bai ce tun da babu jiya babu yau ba.

Irin wannan littafi, a dubban ƙauyuka, shi ne ya haifar da alƙaluman da ake alfahari da su a manyan taruka. A 1986, lokacin da cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ta shiga wannan yaƙi, an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke kamuwa kowace shekara a Afirka da Asiya. Binciken farko a Nijeriya, a 1988 zuwa 1989, ya ƙirga fiye da 650,000, Togo kuwa ta ƙirga fiye da 10,000 a 1993. Janar Amadu Tumani Ture na Mali ya ɗauki tutar a ƙasashe masu Faransanci, Janar Yakubu Gowon ya bi ƙauyukan Nijeriya yana roƙon hakimai da gwamnoni su haƙa rijiyoyi. Togo ta ga na ƙarshe da aka kamu da shi a cikin ƙasarta a 2006, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ta shaida a 2011, domin ba a ba da shaidar sai an yi aƙalla shekara uku ana nema da cigiya har da tukwici ba a samu ba. Nijeriya da Nijar sun ga nasu na ƙarshe a 2008 suka karɓi shaida a 2013, Gana a 2015. A watan Agusta na 2022, a nan Lome, aka karrama Togo a matsayin ƙasa ta farko da ta kau da huɗu daga cututtukan da duniya ta yi wa riƙon sakainar kashi, watau kurkunu da tundurmi da ciwon barci da amodari. A 2023 mutum 14 kacal aka samu a duniya duka. Sai dai kurkunu bai miƙa wuya ba, gama tun 2012 aka gan shi yana fitowa a jikin karnuka a bakin kogin Shari na Cadi, kuma Carter ya rasu a ƙarshen 2024 yana da shekara 100, burinsa na ganin bayan tsutsa ta ƙarshe bai cika ba. In Allah ya nufa aka gama, ita ce za ta bi sahun agana, amma agana da allura aka ci ta, wannan kuwa da ƙyalle da haƙuri da kiyaye haƙƙin maƙwabci.

Da muka koma gidan manomin sai matarsa ta fito da ruwan baƙo, domin su ma, kamar mu, ba a tambayar baƙo labari sai ya sha. Ta ba da haƙuri cewa famfon burtsatsen ƙauyen ya lalace mako biyu ke nan ana jiran mai gyara, ruwan tafki ne, amma ta tace. Na kuwa ga ƙyallen ɗaure a bakin randa, ba na nailan ba, wani tsohon ɗankwali ne mai sauƙin saƙa da ta ninka. Na san sarai ƙyalle yana tare ƙuma amma ba ya tare taifot, na kuma san cewa ƙauyen da ya kori kurkunu bai rabu da matsalar ruwa ba muddin famfo ɗaya ne tsakaninsa da tafki. Amma ƙoƙo yana hannun mace ta durƙusa, mijinta yana kallo. Na yi bismilla na kurɓa sau biyu.

Daren da zan taso na je sallama da tsohon, na kwashe labari duka na gaya masa, har da kurɓin. Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce, "To, Malam, ka shiga sahunmu. Mu a da, in mutum ya dawo daga hanya, barka da zuwa kawai muke yi masa. Barka da sauka lafiya sai shekara ta zagayo mun ga ƙafarsa. Na ji an ce kai mai rubuce-rubuce ne. Kada ka rubuta cewa ka je Togo ka dawo lafiya sai ka cika shekara." Na ce, "Baba, ai an ba ƙasar nan takardar shaida tun 2011." Ya ce, "Na ji, kuma na gode wa waɗanda suka wahala. Amma su ma da suka ba da takardar, ba sai da suka jira shekara uku ba? Ni ɗaya kawai na ce."

Na rasa amsar da zan ba shi, domin da ƙa'idar masu ilmin ya kama ni. Wata 14 ke nan cif, iyakar wa'adin da tsutsar ke ɗauka. Shekaranjiya bayan sallar Asuba na naɗe ƙafar wando na duba idon sahu da ƙauri, hagu da dama, ban sami kome ba sai kaushin hunturu, na aika wa ɗan mai masaukina saƙon murya ta waya na ce ya kai wa Baba. Da hantsi amsa ta zo, ana jin kukan awaki da ƙarar babura a bayanta, muryar tsohon tana cewa, "Madalla, Malam. Barka da sauka. Yanzu ka iso gida."